KUNNEN JARIRI DA CIWON DA KE ƁUYA A BAYANSA

Jawabin da aka gabatar a taron wata-wata na ƙungiya, a Zangon Agege



Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Shugaban taro, malamanmu Allah ya gafarta muku, sarakunan kasuwa, iyayenmu mata da ke ɓangarensu suna saurare, da 'yan'uwa da suka taso daga Mile 12, Idi-Araba, Alaba Rago da Obalende, muna yi wa kowa barka da zuwa, da fatan an baro gida lafiya.

Kwamitin jin daɗin jama'a ne ya ɗora mana nauyin yin magana a kan ciwon kunnen jarirai, musamman irin ƙarin nan da kan tsiro a cikin kunne ko a gindin ƙoƙon kai. Mu fatake ne, sana'armu goro, karatunmu na Islamiyya. Amma mun zauna da likitocin kunne, hanci da maƙogwaro, mun yi ta tambaya har muka gane, ga shi mun kawo muku da harshen da iyayenmu mata za su ji ba sai da tafinta ba.

Mu 'yan goro mun san sankara tun kafin mu ji likita ya ambace ta. Ka ɗauki goro fari tas, ba tabo ba ƙwarzane, sai ka fasa ka tarar an cinye cikinsa. Shi ya sa mai huhu ba ya barin kayansa su daɗe bai kwance ya zaɓe ba, ya sauya musu ganye. Da magabatanmu suka ga ciwon da ke cin mutum ta ciki alhali waje lafiya lau, sai suka kira shi da wannan suna. Wasu su ce ciwon daji, 'yan boko su ce kansa. Abin da jama'a da yawa ba su sani ba shi ne, wannan ciwo ba na tsofaffi kaɗai ba ne. Yakan kama yaro, har ɗan goye.

To, kafin hankalin kowa ya tashi, bari mu fara da abin kwantar da rai. Mafi yawan ciwon kunnen yara ba ƙari ba ne. Akwai wata 'yar siririyar hanya da ta haɗa bayan hanci da cikin kunne. A jikin babba doguwa ce kuma a gangare take, a jikin jariri kuwa gajeruwa ce, a kwance. Saboda haka da yaro ya yi mura, sai ƙwayoyin cuta su bi ta nan su shige, mugunya ta taru a bayan dodon kunne. Yaro ya yi zazzaɓi, ya ƙi nono, ya kwana yana kuka yana jan kunnensa. Wani lokaci dodon kunnen ya huje, ruwa ya fito, yaro ya sami sauƙi. Irin wannan idan an kai shi asibiti an ba shi maganin da ya dace, cikin 'yan kwanaki an wuce wurin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ma'aikatan lafiya ma'auni: kunnen da ya kai kwana 14 yana zubar da ruwa ya zama daɗaɗɗen ciwo, kumburi mai zafi a bayan kunne kuwa na gaggawa ne, sai babban asibiti. Ku riƙe wannan lissafi, sati biyu ke nan.

Matsalar ita ce, shi wancan ƙarin da ba a cika samu ba, da rigar wannan ciwo na yau da kullum yake zuwa. Shi ma ruwa ne a kunne, shi ma kuka ne da dare. Har ma'aikacin lafiya yakan ɗauka ciwon kunne ne kawai a ganin farko. Nan ne watanni suke salwanta.

Kunnen da muke gani a waje ƙofar gida ce kurum. Zaure da tsakar gida da ɗakuna suna can ciki, a cikin wani ƙashi da ke gindin ƙoƙon kai. A samansa ƙwaƙwalwa ce ke zaune, abin da ya raba su ɗan siririn ƙashi ne. A ƙarƙashinsa da gefensa manyan hanyoyin jini biyu suka wuce, ɗaya tana kai jini ƙwaƙwalwa, ɗaya tana komo da shi. Ta cikinsa jijiyar da ke motsa fuska ta ratsa, ga jijiyar ji, ga wurin da ke tsai da mutum daidai kada jiri ya kwashe shi. Kusa da nan kuma jijiyoyin motsa ido da na haɗiya da na murya suka bi. Duk wannan kaya a wurin da, a kan jariri, bai fi ka rufe shi da yatsu biyu ba. Don haka tsiro ko ƙarami ne, idan ya fito a nan, ba ya rasa abin da zai danne.

Likitoci sun lissafa mana ire-irensu, za mu ambaci waɗanda suka fi muhimmanci. Na farko suna kiransa rabdomayosakoma. Sankara ce da ke tasowa daga ƙwayoyin halittar da ya kamata su zama tsoka. A ƙasashen da ake riƙe lissafi sosai, yara 4 zuwa 5 ne cikin miliyan ɗaya ke kamuwa da ita a shekara, fiye da rabinsu ba su kai shekara 10 ba, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku a kai da wuya take fito musu. Idan a kunne ta fito, sai a ga ɗan nama ja ya leƙo daga ramin kunne, ana taɓawa ya yi jini. Tana da saurin girma, kuma ciki take nufa, wajen ƙwaƙwalwa.

Na biyu ciwon Langahans, sunan wani likita Bajamushe ne da ya fara ganin irin waɗannan ƙwayoyin halitta a fatar mutum a 1868. Shi wannan ƙashi yake ci, ya yi masa rami. An fi ganinsa ga yara 'yan shekara 1 zuwa 3. Alamarsa ruwan kunne da ya ƙi jin magani, da kumburi a bayan kunne, sau da yawa tare da wasu ƙuraje masu ɓawo a fatar kai, waɗanda uwa za ta ɗauka amosani ne ko ƙora.

Na uku kolestiyatoma. Wannan ba sankara ba ce, fata ce da ta taru ta dunƙule a inda bai kamata ba, a bayan dodon kunne. Akwai yaran da ake haifa da ita. Ba ta yaɗuwa a jiki, amma a hankali take cinye 'yan ƙananan ƙasusuwan ji, ta kurmantar da yaro, in an bar ta har ta buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya zuwa ƙwaƙwalwa. Maganinta aiki ne, a cire ta.

Na huɗu tarin jijiyoyin jini, himanjiyoma. Yakan bayyana a makonnin farko bayan haihuwa, ja kamar nunannen tumatir, a kan kunne ko a gabansa. Ya yi girma na wasu watanni, daga baya mafi yawansa ya janye da kansa cikin shekaru. A 2008 likitoci a birnin Bodo na Faransa suka gano cewa wani maganin zuciya da hawan jini yana motsar da shi, kuma da shi ake amfani yanzu ga wanda ya yi girma ko ya toshe kunne. Amma likita ne zai auna, ba a saye a kemis a ɗura wa jariri ba.

Akwai kuma wani kumburi mai taushi da ake haihuwar yaro da shi a ƙeya ko a gindin hanci, wanda kan ƙara cika idan yaro yana kuka. Wannan ba ƙari ba ne, ba kuma maruru ba ne. Ƙoƙon kai ne bai gama rufewa ba, rigar ƙwaƙwalwa ta turo waje, wani lokaci har da ɓangaren ƙwaƙwalwar. Wanda ya sa masa aska ya taɓa ran yaro.

Jama'a, ba a ce ku haddace waɗannan sunaye ba. Alamomi ake so ku riƙe, ga su. Kunnen da ya wuce sati biyu yana ruwa duk da an sha magani. Ruwan kunne mai haɗe da jini. Nama ko tsiro da ake hangowa a ramin kunne. Kumburi a bayan kunne ko gabansa da ke ƙaruwa. Karkacewar baki idan yaro yana kuka ko dariya, ko ido ɗaya ya ƙi rufewa in yana barci, ko nono ya riƙa zuba ta gefe ɗaya. Ido ya koma harara-garke alhali ba haka aka haife shi ba. Murya ta dushe, ko ya riƙa ƙwarewa in yana shan nono. Kaluluwa mai tauri a wuya wadda ba ta sauka. Maɗiga ta kumbura, ga amai, ga yawan barci. Ko kuwa yaron da a da yake firgita in an buga ƙofa, yanzu ko gezau. Ɗaya daga cikin waɗannan ta isa a nufi asibiti a ranar. Ba lalle ne ya zama sankara ba, sau da yawa ma ba ita ba ce, amma mai fitila da madubin duba kunne shi kaɗai zai iya rarrabewa.

Yanzu mu zo kan halinmu, don gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kowa a nan ya san yadda abin yake tafiya a gidajenmu. Uwa ce take fara gani. Ta faɗa wa maigida da asuba yana shirin fita kasuwa, ya miƙa mata kuɗi ya ce a aiki yaro kemis. A sayo maganin ɗigawa. Bai yi ba, maƙwabciya ta ce a ɗiga man zaitun, wata ta ce ruwan albasa, wata ta ce nonon uwa, wata ta kawo man ja. A sa gashin kaza ko tsinken ashana a yi ta sakata. Wata ɗaya ya tafi. Da baki ya karkace sai magana ta sauya, a ce iska ce, an fita da shi da almuru, ko an yi masa baki. Wata na biyu ya tafi wajen hayaƙi da turare. Da kumburi ya bayyana sai a kira wanzami ya yi sakiya ko ya tsaga. Daga ƙarshe a yanke shawarar a kai shi gida Arewa a nemo na gargajiya, a ɗora uwa da jariri a mota, tafiyar fiye da kilomita 1,000. A baro asibitin koyarwa da ke nan Ikeja, kusa da ƙofarmu, a tafi ƙauyen da ko ƙaramin asibiti sai an yi tafiya. Lokacin da za a dawo ga likita, ciwon ya riga ya isa inda hannu ba ya kai wa.

Ba muna hana addu'a ba ne, Allah ya kiyashe mu. Malamanmu ga su a zaune, su suka karantar da mu cewa neman magani ba ya karo da tawakkali. A yi addu'a a kan hanyar asibiti, a yi ta a bakin gadon yaro. Kuma don Allah a daina ɗora wa uwa laifi. Ba abin da ta ci da ciki ne ya jawo ba, ba nononta ba ne, ba kishiya ba ce. Ba a ɗaukarsa kamar kyanda, saboda haka babu dalilin raba yaron da 'yan'uwansa. Sau da yawa tsoron zargi ne ke sa mace ta rufe kan ɗanta da hula ta yi shiru.

Ina za a nufa? A fara da asibitin gwamnati mafi kusa, ga Babban Asibitin Orile Agege nan. A gaya wa likita gaskiyar kwanakin da ciwon ya yi da duk abin da aka ɗiga, kada a ɓoye. Idan an sha magani ba sauƙi, a koma, a roƙi takardar turawa zuwa ga likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Akwai su a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Legas da ke Ikeja, akwai su a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, wanda yake aiki tun 1962, kuma a cikinsa aka buɗe sabuwar cibiyar maganin sankara a 2019 mai na'urorin gashi. Jirgin ƙasan cikin gari da ya fara ɗaukar fasinja a 2024 yana tsayawa a Agege, yana tsayawa a Ikeja da Mushin, daga Mushin zuwa Idi-Araba kuwa ba nisa. Wanda kuma lalura ta sa dole ya koma gida, to ya tafi da takardunsa da hotunansa, ya nufi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna a 1999.

A can za su duba kunnen da madubi, su gwada ji, su ɗauki hoton cikin kai da na'ura. Jariri ba ya iya kwanciya shiru, don haka akan ba shi maganin barci, kada wannan ya firgita ku. Sannan su ɗebi ɗan ƙanƙanin nama su kai ɗakin gwaji. A nan ne iyaye da yawa suke gudu da yaro, wai in ƙarfe ya taɓa ciwon daji sai ya bazu. Jama'a, wannan gwajin shi ne ke nuna wane iri ne daga cikin waɗanda muka lissafa, kuma maganin kowanne daban. Ko a kasuwa ba a yanke wa kaya kuɗi sai an kwance an gani.

Idan ta tabbata sankara ce, magani yakan haɗa abu uku: allurai masu ƙarfi da ake kira kemo, da aiki in wurin zai yi aikuwa, da gashi da na'ura. Ga ƙananan yara likitoci suna taka-tsantsan da gashi saboda ƙwaƙwalwa tana kan girma. Maganin yakan ɗauki wata 6 zuwa shekara guda. Gashin kan yaro zai zube, zai yi amai, zai rame, zai buƙaci ƙarin jini. Gashi zai sake tsirowa. Babban hatsari shi ne a ga kumburi ya sauka bayan wata biyu a ce an warke, a daina zuwa. Ciwon da aka sare wa kai aka bar saiwa zai dawo, kuma in ya dawo ya fi wuyar magani.

Kada wani ya ce ai ciwon daji ba ya warkewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin yara da matasa 400,000 ne ke kamuwa da sankara kowace shekara a duniya. A ƙasashe masu arziki fiye da 80 cikin 100 suna warkewa, a yawancin ƙasashe irin namu kuwa ba su kai 30 cikin 100 ba. Shi ya sa a 2018 hukumar ta ƙaddamar da shiri don a kai 60 cikin 100 nan da 2030. Cikin dalilan wannan rata da ta lissafa akwai zuwa a makare da barin magani a tsakiya, waɗannan biyun kuwa a hannunmu suke. Ita rabdomayosakoma ɗin nan ma, inda ake kama ta da wuri, wajen yara 70 cikin 100 suna tsira.

Kuma wannan ilmi ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Akwai sankarar muƙamuƙi da ke kumbura kumatun yara, wadda akan ɗauka hangum ce ko ciwon haƙori. Likita Denis Burkitt ne ya bayyana ta a Yuganda a 1958. Ɗaya daga cikin waɗanda suka nuna wa duniya cewa allura tana narkar da ita shi ne Farfesa Anomah Ngu, ɗan Kamaru, a asibitin koyarwa na Ibadan, nan kusa da mu, har aka ba shi babbar lambar yabo a Amurka tare da Burkitt a 1972. Fiye da shekara 50 ke nan.

To, me ƙungiya za ta yi? Tun da hanyar jirgi ta haɗa Ikko da Kano a wajejen 1912 kakanninmu suke sauka a Agege, kuma abin da ya riƙe su shi ne maigida ba ya barin baƙonsa ya kwana a waje. Muna da asusun kai gawa gida, Allah ya saka wa waɗanda suka kafa shi. Muna roƙon shugabanni su duba shawarwari guda 5.

Na ɗaya, a buɗe asusun jinyar yara, dabam da na jana'iza, kowace rumfa ta riƙa zuba abin da ya sawwaƙa duk Juma'a, a sa amintattu uku su riƙe, a karanta lissafi a kowane taro. Kuɗin hoto da gwaji shi ne ke fara kayar da iyaye.

Na biyu, a zaɓi mata da matasa masu jin Yarabanci da Turanci su zama 'yan rakiya. Uwar da ba ta jin abin da likita yake faɗa, kai kawai za ta gyaɗa ta dawo gida. Mazaje kuma su ba matansu izini tun yanzu, cewa in an ga ɗaya daga alamomin nan a wuce asibiti, a kira maigida a waya daga can.

Na uku, samarinmu na Oko-Oba da Mile 12, masu ƙarfi a jika, a rubuta sunayen masu son ba da jini da rukunin jininsu, don kada uba ya tsaya yana neman jini da tsakar dare.

Na huɗu, 'yan'uwanmu na Idi-Araba, ku ne maƙwabtan asibiti. A samar da ɗaki ko ɗaya ne inda mai jinya daga nesa zai sauka. Sakatare kuma ya binciko mana sharuɗɗan inshorar lafiya ta Jihar Legas, Ilera Eko, da abin da take biya da wanda ba ta biya, tun da dokar ƙasa ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa.

Na biyar, Sarkin Aska ya tara wanzamai a zauna da su cikin mutunci. Ranar suna wanzami ne mutum na farko da yake shafa kan jariri kaf, daga goshi har ƙeya, har bayan kunne. Idonsa zai riga na kowa ganin kumburi. In ya gani ya ajiye aska, ya ja uban gefe ya ce a kai asibiti. Ungozomomi su ma haka.

Iyayenmu mata, ku ne kuke wankan jariri safe da yamma. In kuna wanka ku juya bayan kunne ku duba, ku shafa wuya, ku kalli fuskarsa in yana kuka ku ga ko ɓangarorin biyu suna motsi daidai. Ku goge wajen kunne da tsumma mai tsabta, ciki kuwa kada a zura kome. Abin da kuka gani ku faɗa, in ba a saurare ku ba ku sake faɗa, in ya ƙi ku zo ga kwamiti.

Ranka ya daɗe, a nan za mu dakata, a ba masu tambaya dama. Wanda muka taka wa ƙafa a cikin magana ya yi haƙuri, gyara muke nufi. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Waɗanda suka rasa 'ya'yansu Allah ya ba su haƙuri, ya sa masu ceto ne. Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, ya sa albarka a kasuwanninmu. Amin.